Ranar da Ruwa Ya Daskare a Motar Amarya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da safiyar da za a kai Nafisa gidan mijinta ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. In kuwa ni kaɗai ce a ɗaki, sai in ja mayafi in rufe fuska kamar akwai mai kallona.

Bari in fara da kaina, don ku san da wa kuke hira. Ni matar gida ce a nan Jega. Boko ban yi nisa ba, yawo kuma ba halina ba ne. Sana'ata zoɓo da kunun aya, a tsakar gidana nake yi, masu so su aiko. Amma Allah ya ba ni kunne. Malam, maigidana, yakan ce in aka yi raɗa a kasuwar Aliero ni ina jinta daga bakin murhuna. Shekara da shekaru a matsayin yabo na ɗauki maganar nan.

Nafisa ɗiyar ƙanena ce, Alhaji Sani, wanda ke fataucin albasa a Aliero. Har Kwatano yake kai kaya. A can ne idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar motar Turawa mai ɗaki a ciki, ya ce shi dai ya gaji da kwana a kan buhunan albasa, ya saye ta. Jama'a, mota ce da gado, da kujeru masu katifa, da ɗan murhun gas, da ɗan bayi kamar akwati, sannan ga famfo. Famfo a cikin mota! Ka danna wani maɓalli, inji ya yi ɗan gurnani a ƙasa, ka murɗa, ruwa ya zubo daga tanki. Ranar da ya shigo da ita gari, har masu jiran layi a gidan ɗori sai da suka ɗingiso suka zo kallo. Da aka sa ranar Nafisa da wani yaro ɗan Karaye, ta wajen Maiyama, Alhaji ya yi rantsuwa cewa a cikin motar nan za a kai ɗiyarsa, ko da ƙasa da sama za su haɗu.

Ana gobe kai amarya, ina gidansa a Aliero, ya kira ni gefe ya damƙa mini mabuɗin motar.

"Yaya, ke ce babba. Wanda duk ka son ya leƙa, ya leƙa gabanki. Amma don Allah kada a zuba mani tarkace ciki. Musamman ƙarƙashin kujerar can ta baya, nan kayan ruwa suke."

Na ce, "Haba Alhaji, ni za ka gaya wa? Ni da na goya ka?"

(Ku riƙe wannan "ni da na goya ka" ɗin. Duk ranar da kuka ji na faɗe shi, to wani abu na shirin lalacewa.)

To, ni aka ba aikin abin sha na biki. Zoɓo na yi shi bokiti-bokiti na jama'a. Amma akwai wani kunun aya na musamman da na yi da dabino da kwakwa da kanumfari, na ɗura a robobi, na ce wannan sai mun isa Karaye zan fito da shi gaban dangin ango, su san irin gidan da suka ɗauko mata. Matsala biyu ce. Ta farko, gidan biki ne: duk abin da ido ya gani, maƙogwaro ya wuce da shi. Ta biyu, kunun aya ba ya da haƙuri, in ya kwana ba sanyi da safe sai tsami, wuta kuwa ba a ma maganarta.

Amma ni ina da dabarata ta masu sana'a. Ƙanƙara nake saye manya-manya daga Jega, in farfasa, in barbaɗe ta da gishiri sosai, in binne robobin a ciki. Duk mai sayar da abin sanyi ta san wannan: ƙanƙara in ta haɗu da gishiri, sanyinta ninkuwa yake yi, abin da ka binne sai ya koma dutse. Wurin ɓoyo kawai ya rage. Bayan magariba, mata sun koma wajen lalle, na ji mabuɗi yana motsi a ƙugun zanena. Na lallaɓa na buɗe motar, na ɗaga katifar kujerar baya, wadda aka ce kada a taɓa. Sai ga wuri kamar don ni aka ƙera shi, akwati ne mai zurfi, ba komai ciki sai wani siririn tiyo kamar ɗan yatsa da ya ratsa ta gefe. Na ce wannan ɗan abin mi zai tsare mini? Na shimfiɗa buhu, na zuba ƙanƙara, na watsa gishiri, na jera robobi, na ƙara ƙanƙara, na ƙara gishiri, har tiyon ya ɓace a ciki. Na mayar da katifa na kulle mota ina jin kaina mai wayo.

Lokacin ɗari ne kuma, irin wanda tsofaffi ke kwana da kasko a ɗaki.

Na san ku da kuke karantawa kun riga kun hango inda aka dosa. To ni ban hango ba, kuma kada ku cika yi mini dariya. Wa ya taɓa jin ruwa ya daskare a cikin tiyo a ƙasar nan? Mu abin da muka sani da famfo shi ne ko dai ba ruwa, ko ruwan ya fito da zafi kamar na shayi.

Da hantsi masu ɗaukar amarya suka iso daga Karaye a motar haya. Shugabarsu ƙanwar uwar ango ce, kowa Yafendo Dije yake ce mata. Doguwa, siririya, carbi a hannu, magana sai ta zama dole. Ni tun ranar kawo lefe matar nan ba ta kwanta mini ba. An buɗe gida an yi shimfiɗa an kawo abinci kala-kala, ita ko "madalla" sau ɗaya ta ce. Ga kuma wata magana da kunnen nan nawa ya tsinto wajen wata mai kawo mini nono, wai da ma Yafendo ɗiyarta ta so yaron ya aura, ba ta so aka fita waje ba. Ban bincika ba. Na dai ajiye maganar a raina kamar yadda ake ajiye daddawa, tana ƙara ƙarfi.

Bayan an gaisa sai ta dube ni.

"Gwaggon amarya, an ce ke ka yin kunun aya da babu irinai. A ɗanɗana mani mana."

Na ce, "Ayya Yafendo, ai ya ƙare tun jiya. Kin san gidan biki."

Ta ce, "Ba komi. To motar da anka cika mu da labarinta fa? A nuna mani."

Na kai ta bayan gida inda motar take, na buɗe, ta shiga da bisimilla. Daidai nan aka ƙwala mini kira daga wajen masu tuwo, wai ba a ga ludayin miya ba. Na je na dawo. Ina leƙawa sai na ga Yafendo tsaye ita kaɗai, hannunta ɗaya a kan famfo, leɓɓanta na motsi. Ta yi tofi dama, ta yi hagu, ta shafa bangon motar. Da ta juyo ta gan ni ko gezau, ta sauko ta wuce.

Na bi famfon da kallo, na sunsuna, na duba ƙarƙashin filo. Ban ga komai ba, amma rashin ganin ma sai ya ƙara mini zargi. Na ce a raina, irin waɗannan ai ba su barin alama.

Ba a jima ba sai ga Alhaji Sani da babbar riga yana jan baffannin ango, zai nuna musu abin alfaharinsa. Ya nuna gado, suka ce masha Allah. Ya kunna murhu, suka ce ikon Allah. Sannan ya gyara hannun riga ya ce, "Yanzu ku ga abin mamaki. Mutum na tafe bisa hanya, lokacin salla ya yi, ba neman rijiya ba neman buta." Ya danna maɓalli. Inji ya yi gurnani. Ya murɗa famfo.

Ko ɗigo.

Ya kashe ya sake kunnawa. Gurnani dai, ba ruwa. Ya fita ya buɗe bakin tanki ya zura kara, karan ya fito jiƙe har wuya. Shi da kansa ya cika shi jiya. Ya dawo ya bubbuga famfon, ya hura shi da baki, ya duba batir. Wani dattijo cikin baƙin ya yi gyaran murya ya ce, "Ba komi Alhaji, mun taho da buta." Na ga gumi ya tsattsafo wa ƙanena a goshi cikin sanyin nan. Da baƙin suka fita ya juyo kaina.

"Yaya, wa ya shiga motar ga?"

Ga inda ya kamata mai hankali ta ce, bari in tuna abin da ni na yi. Wallahi ko kusa kunun bai zo mini a rai ba. Abu ɗaya ne cike da idona: hannun Yafendo a kan famfo.

Na ce, "Hmm."

"Hmm mi?"

"Ni dai ban ce komi ba. Amma ruwa cike da tanki, inji na aiki, ruwa ya ƙi fita. Kai a ganinka wanga aikin ƙarfe na?"

Ya ce, "Yaya, don Allah kada ki soma." Ya tafi neman mai gyara. Ni kuwa na riga na soma.

Na nufi ɗakin Hajiya Rabi, uwar amarya, na ja ta bayan ƙofa na ce mata magana ce ta sirri. (Raɗata ma, in gaya muku gaskiya, ana jinta daga zaure.) Na kwashe duk abin da na gani na faɗa mata, da tofin dama da na hagu, da zancen mai nono. Sannan na ɗora nawa.

"Ki yi tunani, Rabi. Wanda ya ɗaure ruwa cikin motar amarya ranar kai ta, mi yake nufi? Yau ruwa anka ɗaure. Gobe mi za a ɗaure ma yarinya?"

Rabi ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku! Haihuwa!"

Na ce, "Ni ban faɗa ba, ke kinka faɗa."

Ta ce wallahi ɗiyarta ba ta sa ƙafa a motar nan. Nafisa da ke lulluɓe a kan gado, wadda da ma kukan al'ada take yi ƙasa-ƙasa, sai ta ɓarke da na gaske. Ƙawayenta suka fita da maganar a baki. Kafin in gyara ɗaurin kallabina, zancen ya zaga wajen masu tuwo, ya bi ta rumfar maza, ya sauka a tabarmar mutanen Karaye. A hanya kuma ya yi ƙiba: wai an ga laya, wai an ga allura, wata ma cewa ta yi famfon jini ya zubar.

Sai ga Yafendo a tsakar gida, matan Karaye a bayanta. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi ba ni tsoro.

"An ce wata ta ga na ɗaure ruwa. Ina son in ga mai idon."

Har masu daka suka tsaya. Kowa ya juyo yana kallona. Da ina da wayo da na ce kuskuren ji ne. Amma jama'a sun taru, ga ni gwaggon amarya cikin leshi sabo, sai na ji ja da baya ya fi ƙarfina. Na gyara tsayuwa.

"Ni ce. Na ga hannunki bisa famfo, na ga kina tofi. Kafin ki shiga ruwa na zuba, kin fito ya tsaya. In ƙarya nake a faɗa."

Ta ce, "Awo, na yi tofi. Addu'ar tafiya na karanta, don ɗiyarmu za ta shiga. Mu haka munka saba, ko jaki za a ɗora ma amarya sai an yi mai addu'a." Ta juya wajen mutanenta. "Ku tashi mu tahi. Amarya ta zauna gidan ubanta. Ba mu ɗaukar ɗiyar mutane da sunan maita bisa kanmu. Gobe in ta yi ciwon kai, ni za a ce."

Nan fa hankalin kowa ya tashi. Matan Karaye suka fara naɗe tabarmi suna neman takalma. Direbansu ya tayar da mota a ƙofar gida. Alhaji Sani ya shigo a guje, babbar riga a kafaɗa, yana ba da haƙuri, yana rantsuwa shi bai san da zancen ba. Auren da aka ɗaura jiya, da goro da shaidu, ga shi yana rawa a gabana, kuma bakina ne ya girgiza shi. Kun san abin da na yi? Ƙarawa na yi.

"In ba ta da abin ɓoyo, a bincike motar mana! A fito da komi gaban jama'a!"

Yafendo ta tsaya cak. Ta ce, "Kin yi magana. A bincika. Ni da ke da mai mota."

Muka ɗunguma bayan gida, mata cike da ƙofar mota da tagogi. Alhaji ya fara da wajen famfo. Ya buɗe 'yan akwatunan sama, ba komai. Ya ɗaga katifar gado, ba komai. Ya leƙa bayi. Ni ina tsaye ina ba da umarni, "Duba bayan labule. Duba cikin murhu." Sai na ji ya ce, "Bari in bi tiyon tun daga tanki," ya juya ya nufi kujerar baya.

A nan ne kunun aya ya faɗo mini a rai.

Ba wai na gane shi ya tsayar da ruwa ba, a'a, har lokacin ban kai nan ba. Abin da na tuna kawai shi ne an ce kada in sa kaya a wurin, kuma na gaya wa matar nan kunu ya ƙare. Ban san sanda na yi tsalle na riga shi ba. Na zauna daram a kan kujerar, na baje zane.

"Nan ba komi. Na duba da kaina."

Alhaji ya ce, "Yaya, tashi in gani."

"Ƙafata ka ciwo. Ku duba gaba, wajen direba."

Yafendo ta ƙura mini ido. Matan da ke taga suka fara kallon juna. Wata daga cikin 'yan Karaye ta ce, "Ikon Allah. Mai neman laya ta zauna bisa laya."

Yafendo ta ce, "Gwaggon amarya. Tashi."

Na tashi. Ƙafar da na ce tana ciwo, a lokacin da gaske ta fara.

Alhaji ya ɗaga katifa. Wani farin tururi mai sanyi ya taso. Ga buhuna, ga ƙanƙara ta haɗe da gishiri ta zama dunƙule guda, ga kawunan robobina sun leƙo a jere kamar 'yan kallo. Ya sa hannu ya ture ƙanƙarar gefe, sai ga tiyo ya yi fari fat, ya sandare. Ya ƙwanƙwasa shi da mabuɗi, ya yi ƙara kamar itace. Ya matsa, bai matsu ba. Ya daɗe durƙushe yana kallonsa, sannan ya ɗago a hankali.

"Ruwan ya daskare."

Wata ta ce daga waje, "Ya mi?"

"Ya zama ƙanƙara cikin tiyo." Ya zauna a ƙasa dirshan. "Wanda ya sayar mani da motar ga ya gaya mani, can ƙasar da ta fito, in sanyi ya yi ruwa na daskarewa cikin tiyo sai an naɗe shi da bargo. Na yi mai dariya, na ce mu Aliero za mu. Ashe ni ina da Turai cikin gida. Yayata ce."

Ba wanda ya yi dariya tukuna, kowa Yafendo yake jira. Ta sunkuya, ta zaro roba ɗaya, ta juya ta a hannu, ta ƙwanƙwasa ta a jikin kujera.

"Wanga shi ne kunun da ya ƙare tun jiya?"

Jama'a, motar nan har girgiza ta yi don dariya. Wata mata ta zame daga taga ta faɗi zaune. Labari ya koma cikin gida da gudun da ya fi na farko. Ni kuwa ina tsaye ina roƙon Allah ya sa akwatin nan ya ƙara zurfi in shige in ja katifa.

Don in samu abin yi, na ce bari in gyara, na ruga wajen masu girki na ɗebo tafasasshen ruwa a tukunya zan sheƙa. Alhaji ya tare ni da hannu biyu.

"Kin daskarar da shi, yanzu kuma dahwa shi za ki yi? Roba ce, fashewa za ta yi!"

Yafendo ta ce, "A surka shi ya koma ɗumi. A kawo tsumma. In hantsar saniya ta kumbura ta yi tauri, ba ruwan zafi aka watsa mata ba, gasawa aka yi sannu-sannu. Kai kuma bar famfon buɗe, abin da ya narke ya samu hanya." Ta dube ni. "Wadda ta ɗaure ita ka kwancewa."

Haka na durƙusa da leshina sabo cikin ruwan gishiri. Na kwashe ƙanƙara da hannu har yatsuna suka mutu, na fito da robobi ɗaya bayan ɗaya ana karɓa ana shewa. Aka kawo ruwan ɗumi a kwano, kuma abin da ya fi kashe ni, Yafendo ce ta zauna a bakin gado ta riƙe mini kwanon. In tsoma tsumma, in matse, in naɗe tiyo, in ya huce in sake. Jama'a suka gaji suka ragu. Muka saura daga ni sai ita, sai gurnanin inji da Alhaji ke kunnawa jefi-jefi.

Na ce, murya ƙasa, wannan karon raɗa ta gaske, "Yafendo, ki yafe mani. Na ɗauki alhakinki."

Ta miƙo kwano na tsoma, sannan ta ce:

"Mi na yi maki tun farko? Tun ranar lefe nake ganin idonki bisa kaina."

Sai na faɗi gaskiya. Na ce, "An ce mani ɗiyarki kinka so yaron ya aura."

Sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya take yi, ba sauti.

"Ɗiyata? Ɗiya ɗaya gare ni, tana Fagada da mijinta da 'ya'ya. Ta girme ma angon nesa ba kusa ba, ita ta yi renonai. Wa ya gaya maki?"

"Mai nono."

"Mai nono," ta maimaita, tana share ido da bakin mayafi. "To gasa, gasa. Can wajen lanƙwasar bai saki ba."

Ina cikin gasawa na ji tiyon ya fara laushi a hannuna. Wani abu ya yi ƙas a ciki. Famfo ya yi tari sau biyu kamar tsoho, ya tofar da 'yan guntayen ƙanƙara, sannan ruwa ya ɓarke da ƙarfi har ya fantsamo wa Alhaji a gaban riga. Wata ta rangaɗa guɗa daga waje. Yafendo ta miƙe, ta tara hannu ta wanke fuska, ta leƙa ƙofa ta ce wa mutanenta, "Ku ce ma direba ya kashe mota. A fito da amarya."

Na ɗauka shi ke nan na sha. Ina! Katifar kujerar baya ta jiƙe sharkaf da ruwan gishiri, ga motar ta cika, ga amarya da ƙawayenta a gado, ga Yafendo a kujerar gaba. Aka tsaya ana duba wa zai zauna a jiƙaƙƙen wuri. Yafendo ta waiwayo.

"Gwaggon amarya na son kujerar nan. Ɗazu da ƙyar munka tashe ta."

A kanta na zauna tun daga Aliero har Karaye, sanyi na ratsa ni, ba halin in yi ƙorafi. Nafisa ta ɗaga mayafi kaɗan ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Gwaggo, kin kusa ki kashe mani aure saboda kunu." Na ce, "Rufe fuskarki, amarya ba ta magana." Iyakar girman da ya rage mini ke nan, na yi amfani da shi.

Da muka isa na sauko, zanen ya soma bushewa, gishiri ya zana mini wani farin zagaye a baya, faɗinsa kamar faifai, a kan leshi mai duhu. Da shi na shiga gidan surukai. Da shi na durƙusa na gaida uwar ango. Da shi kuma na bi tabarma-tabarma ina raba kunun aya, don Yafendo ta ce sharaɗin yafiyarta ke nan, in raba da hannuna. Duk wadda na miƙa wa sai ta tambaya, fuska ba dariya, "Wanga shi ne mai ɗaure ruwa?" In ce shi ne. Ta kurɓa ta ce, "Kai, amma ya yi daɗi." Ya kuwa yi daɗi, wannan ko maƙiyina bai musa ba.

Nafisa na nan ɗakinta lafiya, har ta yi ta fari. Ranar suna ni da Yafendo kwano ɗaya muka ci tuwo, sai dai duk sanda na miƙa hannu wajen randa sai ta ce a bi ni a gani, kada a wayi gari ba ruwa a Karaye. Alhaji Sani bai ƙara ba ni mabuɗin ko da kejin kaji ba.

Kunnen nawa yana nan, ban ce ya toshe ba, har yanzu ina tsintar abin da ba a aike ni ba. Abin da ya canja ɗaya ne. Yanzu in abu ya lalace a inda nake, kafin in buɗe baki in tambayi wa ya shigo wa ya fita, sai in miƙe tsaye tukuna in ɗaga abin da nake zaune a kai.